Baffa da Yarinyar Bakin Hanya

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa muka dosa, da mai sauri da mai jan ƙafa. Baffa ya riga mu isa. Ya cika da hantsi, ranar wata Laraba, a ɗan ɗakinsa da ke saman benen da muke haya a Hadayek el-Ma'adi, nan Alƙahira, wajen ƙarshen watannin nan da aka sa dokar hana fita da dare. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, don kowa yana so ya koma gida da wuri.

Na ɗauki biro ne don kada a manta da shi. Amma gara in faɗa tun yanzu: ban sani ba ko mutum ɗaya zan rubuta ko biyu. Baffa ya tafi ya bar ni da wani tsohon Bature da ya mutu tun ba a haifi kakata ba, kuma har yau na kasa raba su.

Mata a falonmu suka yi zaman makoki. Maza suka shimfiɗa tabarmi a sama, wurin da Misirawa ke kira sutuh, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Ban taɓa sanin Baffa yana da jama'a haka ba. Matar bawwab, wato mai gadin gininmu, ita ta fi kowa kuka, tana dukan ƙirji irin nasu, har sai da wata dattijuwa cikin Hausawan Sudan ta riƙe mata hannu ta ce ta tausaya wa mamaci. Matan ɗalibai 'yan uwana suka yi ta shigowa da kuloli. Mai guga na bakin layi ya rufe shago ya hau sama, shi da ko sallar Idi da ƙyar yake rufewa. Kowa da abin da yake tunawa, amma in ka saurara da kyau, duk maganar a wake take ƙarewa.

Ga abin da ya sa. Shekara biyu da wani abu kafin rasuwarsa, lokacin da gari ya yamutse, shaguna suka rufe, mai burodi ya daina gashi, samari suka riƙa tare bakin layi da sanduna. Mu da yara ƙanana muka rasa inda za mu sa kanmu. Sai Baffa ya sauko ya ce a aiko masa da maza majiya ƙarfi. Ashe ƙarƙashin gadonsa da bayan ƙofarsa cike suke: buhunan wake da shinkafa, garin alkama, man girki, kifin gwangwani, jarkokin ruwa. Da ma mun san yana tara kaya, muna ma yi masa dariya, ina ce masa ɓeraye za su naɗa shi sarki. Ranar babu wanda ya yi dariya. Ya zauna a bakin matakala da kofin awo, ya ba Musulmi, ya ba Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ke hawa na biyu, ya ba wasu 'yan Habasha da ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Da na tambaye shi inda ya samo wannan dabara, sai ya ce a gidan da ya yi aiki haka ake yi, mutum ya ajiye abincin da zai daɗe, ba don cikinsa kaɗai ba.

Baffa dangin maigidana ne, daga reshen da suka yi gabas tun zamanin zuwan Turawa, suka yada zango a Sudan da niyyar wucewa Makka, zangon ya zama gida. Can aka haife shi. Yana saurayi ya gangaro Masar, ya zama kuku a gidajen Turawan unguwar Ma'adi da ke kusa da mu, ya tsufa a nan. Ya taɓa aure, matar ta rasu ba haihuwa, bai sake ba. Da maigidana ya zo karatu, tsofaffin gida suka ce ya neme shi. Ya yi ta cigiya a masallatai har ya same shi, shi kuwa Baffa ya samo mana ɗaki a ƙasan nasa. Ni da na baro uwata a Zariya ina amarya, ban san ko Larabcin sayen albasa ba, shi ya zame mini uwa da uba. Shi ya koya mini hawa metro, ya nuna mini taragon mata. Shi ya nuna mini inda ake samun busasshiyar kuɓewa. Hausarsa irin ta mutanen can ce, mai tsofaffin kalmomi, a tsakiya sai ka ji Larabci, khalas, wato shi ke nan, ko ma'alish, wato ba komai. Ni kuwa bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'yar Baffa.

Wani abu da ya dami kowa game da shi: ba ya shan shayi. Ba ya shan gahawa. Mutumin da aka haifa a Sudan, ya rayu a Masar, inda ko gaisuwa ba ta cika sai da kofi a hannu. Duk inda ya je sai an yi ta fama da shi, shi kuwa ya ce a ba shi karkade, wato zoɓonmu. In an matsa masa ya ce bakinsa ne ya manta. Ɗalibai suna tsokanarsa, suna cewa ko wata ɗariƙa ce ta daban, ya ce ɗariƙar masu haƙora ce, su je su dubi nasu a madubi.

Sai labarinsa. Guda ɗaya ne, amma ba ya gajiya da shi, mu ma ba mu gaji ba. Yakan fara ne da cewa kakanmu malami ne mai wa'azi. Aka ƙi shi a garinsu, aka jefe shi, ya tara waɗanda suka yarda da shi ya ce su tashi, ƙasar nan ta ƙi su. Ba su da jaki, ba su da sa. Suka loda abin da suka mallaka a amalanke, miji a gaba yana ja, mata a baya tana turawa. Akwai 'yarsa ƙarama da ke tafiya gefen ƙafar amalanken tana waƙa, tana tsintar duwatsu masu kyau tana zubawa a aljihu, uwarta tana faɗa don suna yaga mata riga. Sanyi ya riske su a fili, gari ya ƙare sai ɗan abin da ake aunawa a tafin hannu. Wata safiya aka tashe ta, ba ta tashi ba. Uban ya haƙa ƙasar da ta yi tauri kamar dutse, aka naɗe ta da mayafin uwarta, aka hura wuta a kan kabarin don kada kuraye su gane wurin. Suka ɗauki amalanke suka wuce, don tsayawa mutuwar kowa ce. A nan Baffa yakan shafa gemu. Sannan ya ce sun isa bakin wani ruwa mai gishiri, kakan ya ce nan ne. Ya haƙa hanyoyin ruwa, ya yi noma, ya zama shugaban gari, ya tara iyali. Da furfurarsa aka sake aikensa wa'azi ƙetaren teku, ya bar gona da mata ya tafi, bai ce uffan ba.

Ni dai ban taɓa kawo komai a raina ba. Ruwan gishiri, na ce Bahar Maliya ce. Sanyi, na ce na hamada ne, an ce yana kisa.

Maigidana ne ya taɓa tsoma baki. Muna cin tuwon garin masara, Baffa ya kai wurin lodin kaya, sai ya ce, cikin ladabi dai, shi a iya abin da ya ji, mutanenmu na wancan zamani da jakuna da takarkarai suke tafiya, ina suka samu amalanke? Baffa ya cire hannu daga kwano.

"Kana wurin?"

"A'a, Baffa, tambaya ce kawai."

"To ni ma ba na wurin. Amma ni na san nauyinsa."

Ya wanke hannu ya hau sama. Kwanaki bai sauko cin abinci ba, ni nake hawa da kwano. Sai da maigidana ya je ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce ya tuba da ilimin jakuna, sannan Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce khalas, ya wuce. Daga ranar babu wanda ya sake taɓa amalanken nan.

Da na haifi 'yar farina, nan Alƙahira, ba uwa ba goggo kusa, maigidana ya ce Baffa ne babbanmu, shi zai zaɓi suna. Ya karɓe ta a zanin goyo, ya daɗe yana kallonta har na fara tsoron ko wani abu ya gani. Sannan ya ce Hannatu. Ya ce sunan yarinyar bakin hanya ke nan, ta daɗe a kwance ba wanda ya tashe ta. Na yi kuka ranar, kukan daɗi. Na ji an ɗaura 'yata a jikin dangi, duk da nisan da muka yi da gida. Ta taso da labarin a bakinta. In ta ga dutse mai sheƙi a hanyar makaranta sai ta sa a aljihu ta kai wa Baffa, ya jera a bakin tagarsa. In an tambaye ta sunanta, sai ta ƙara da cewa ita takwarar goggon Baffa ce.

Kowace shekara in sanyi ya shigo, Baffa yakan sauko da fulawa da sukari, in soya fanke, a raba wa yaran layi da masu zama a ƙofar masallaci. Shekarar farko na tambaye shi yadda zan ƙulla niyya. Ya ce in ce ladan ya kai ga yarinyar da aka binne a bakin hanya. Na ce ai tana da suna, me zai hana in ambata?

"Ki faɗa yadda na ce, 'yar Baffa. Shi ya san wacce."

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Haka na yi ta faɗa shekara da shekaru.

Rana ta biyu da rasuwa, bayan azahar, matar bawwab ta shigo da baƙuwa. Baturiya ce, ta manyanta, da doguwar riga har ƙasa da ɗan gyale da ke ta zamewa daga kanta, tana riƙe da faranti a rufe. Na gane ta ba tare da na taɓa ganinta ba. Baffa yakan saka farar jallabiyarsa lokaci-lokaci ya ce zai je Ma'adi gaida 'yar gidansu, wadda ya goya tana ƙarama, ta tafi ƙasarsu ta yi aure, ta dawo tana koyarwa a wata makaranta. Ta yi mana ta'aziyya da Larabcin Misira tsaf, sannan ta dube ni ta ce, "Sannu, sannu," da irin muryar Baffa sak, har da yadda yake jan ƙarshen. Nan take hawaye ya zo mini.

A farantin dankali ne da aka gasa da cuku. Ta ce abin da suke kaiwa gidan mutuwa ke nan a wurinsu, kuma babu wanda ya iya shi kamar Baffa. Aka miƙa mata shayi. Ta ɗora hannu a ƙirji ta ce a yi mata afuwa, in akwai karkade. Sai dattijuwar nan ta Sudan ta ce, "Ashe nan ya kwaso." Aka fashe da dariya a gidan makoki, har matar bawwab da hawaye a fuska.

Baƙuwar ta yi mana bayani, rabi da Larabci, rabi da Turanci ina fassara wa mata da ɗan abin da na tsira da shi daga sakandare. Ta ce su 'yan Mormon ne, wani reshe na Kiristoci, ba sa shan shayi ko gahawa ko giya, kuma an hore su da ajiye abinci saboda ranar wuya. Ta ce a gidansu Baffa bai taɓa barin sallarsa ba, mahaifinta ma in ya ga lokaci ya yi yakan leƙa kicin ya ce masa ya je, shi zai duba tukunya. Na ji daɗin wannan. Na ce a raina, to, an warware shayi, an warware wake.

Sai 'yata ta shigo da kofin zoɓo. Baƙuwar ta karɓa, ta shafa kanta, ta tambayi sunanta. Yarinya ta faɗa, ta ƙara da abin da ta saba ƙarawa, cewa ita takwarar wadda aka binne a bakin hanya ce. Na fassara, ina murmushi. Matar ta ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ta rufe baki da hannu.

Ta ce a ɗakin cin abincinsu akwai hoton wani tsoho mai farin gemu, kakan kakanta, wanda Baffa ke gogewa kullum, wani lokaci har ya yi masa magana. Kafinta ne a Ingila. Ya ji masu wa'azin addininsu tun addinin yana sabo, ya bi su, shi ma ya zama mai wa'azi. Aka tsane shi, aka jefe shi a kasuwa. Ya tara mabiyansa suka haye teku zuwa Amurka, inda 'yan uwansu suka riga suka yi ƙaura can cikin ƙasa, yamma, don an kore su daga garuruwa. Kuɗin shanun ja ba su da shi, sai aka ƙera musu amalanke na hannu. Shi aka sa gaban ayari. Ƙanƙara ta riske su kafin su kai. Yana da 'ya, su Hana suke cewa.

Ban san lokacin da na katse ta ba. Na ce, tana tsintar duwatsu? Ta ce e. Na ce, mayafin uwarta? Ta ce e. Na ce, an hura wuta a kai? Ta ce e, saboda kyarketai. Ina faɗa tana gyaɗa kai, kamar mutum biyu da suka haɗu a kan wata gawa kowa yana cewa tasa ce. Ruwan gishirin ma nasu ne, wani babban tafki. Hanyoyin ruwan, shugabancin garin, matan, aiken da aka yi masa da furfura, duk na tsohon hoton ne.

Ta ce kowace bazara akwai ranar da suke tunawa da wannan tafiya. Yara sukan saka tufafin da, su ja ɗan amalanke su zagaya lambun gida, mahaifinta yana ba da labarin. Baffa ne ya ƙera amalanken, da akwatin lemo da tayoyin tsohon keke. Ita kuma kullum ita ake sawa ta zama Hana, in an zo wurin sai ta kwanta a ciyawa ta rufe ido. Ta ce ba a taɓa kai ƙarshen wasan ba. Da ta kwanta, sai Baffa ya fito daga kicin da ludayi a hannu, ya sunkuce ta ya saɓa a kafaɗa, yana cewa khalas, ba za a binne kowa a gidan nan ba.

Ta faɗi wannan tana dariya tana kuka. Ita a wurinta kyauta ce aka yi mata, cewa Baffa ya so su har ya sa wa jikarsa sunan tasu. Ta rungume ni. Na rungume ta, amma jikina a sanyaye yake. A bayana na ji wata cikin matan ɗalibai ta ce a hankali, amma ba can ƙasa ba, "Ashe sunan 'yar Nasara aka sa wa yarinya." Na waiwaya. 'Yata tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu.

Daga ranar ta daina amsa sunanta. Ba rashin kunya ta yi ba. In na kira, takan zo ta tsaya, amma na'am ɗin nan ba ta faɗa. In ƙaninta ya ce Yaya, ta amsa. Na hau sama kwashe kayan Baffa, na tarar duwatsun bakin taga babu su. A kwandon shara na gan su.

Maigidana, da na zaci zai ce ai da ma ya faɗa, bai ce ba. Ya daɗe zaune, sannan ya ce sunan ba shi da aibi, sunan mahaifiyar Nana Maryam ne, babu mai canja shi. Game da sadakar kuma ya jero mini maganganun malamai a kan yaran da suka mutu ba su balaga ba, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Na saurara har ƙarshe, na tashi da ruɗanin da ya fi wanda na zauna da shi. Ni ba hukunci nake nema ba. So nake in san abin da zan gaya wa 'yata.

Na yi ta juya abin ina wanke-wanke, ina tsintar shinkafa. Baffa ya yi mana ƙarya ne? Mutumin da in mai burodi ya yi kuskure ya ƙara masa guda, sai ya sauka bene ya mayar? Ko tsufa ne ya cakuɗa masa? Amma tun zuwanmu haka yake bayarwa, lokacin da hankalinsa ya fi nawa kaifi. Sai na tuna wani lokaci yakan ce suka yi yamma, sannan ya yi sauri ya ce gabas. Na tuna bai taɓa kiran sunan wani gari a hanyar ba. Ko ya sani yana ɓoyewa, ko ya ji labarin ne shekara bayan shekara daga bakin ƙofar kicin har ya shige masa jini ya zama nasa? In kuwa haka ne, ina namu kakan? Shi ba shi da labari ke nan? Duk fanken da na soya, wa na soya wa?

Mutum ɗaya ya rage da za a tambaya, yayar Baffa, wadda muke kira Goggo, a wani ƙauye bakin kogi can Sudan. Ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi, waya kuma sai jikanta ya je ƙauyen. Sai da sanyi ya shigo sosai aka haɗa mu. Muka yi gaisuwar rashi, ta yi kuka, ta ce ƙaramin ya riga babba. Sannan na ɗaga murya na tambaye ta kakansu.

Ta ce malami ne, e, da jakuna biyu ya taho. Na ce amalanke fa? Ta ce mene ne? Na bar wannan. Na ce an binne wata yarinya a hanya?

"An binne. Ƙanwar babanmu."

Na ce, Goggo, sunanta fa?

"Wane suna? A hanya aka haife ta, a hanya ta koma. Ba ta kai suna ba." Ina jin kukan akuya a bayanta. "Babanmu yana yaro lokacin, shi aka ba ya riƙe ta ana haƙa rami. Har ya mutu, in sanyi ya shigo sai ya ce a yi sadaka. In mun ce ta wa, ya ce ta yarinyar bakin hanya." Sai kuma ta ce, "Mace ce dai. Ina jin mace ce."

Wayar ta yanke, ba a sake samu ba.

Na zauna da wayar a cinya. Ba zan ce na gane ba. Har yanzu ban san ko Baffa da saninsa ya ɗauko sunan waccan da duwatsunta da waƙarta ya lulluɓa wa tasa goggon da ba ta da ko ɗaya, ko kuwa su biyun ne suka haɗe masa a zuci har shi ma ya kasa rabawa. Ban san dalilin da ya sa ya ba kakansa amalanken wani ba, sai dai ko nasa uban bai ba shi komai ba ban da rami da jaririya. Abin da na sani, ranar da na nemi in sa suna a niyya, ya hana ni.

Washegari na kwaɓa fulawa, da sauran wadda na samu a ƙarƙashin gadonsa. 'Yata tana zaune a ƙofar kicin tana kallona. Na ce ta matso. Na gaya mata yadda abin yake, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce yara biyu ne. Ɗaya ta yi yamma, tana da suna, tana da mutanen da suke tunawa da ita har yau. Ɗaya ta yi gabas, tamu ce, ba ta rayu har an raɗa mata suna ba. Na ce wacce Baffa yake nufi ranar sunanki, ni ma ban sani ba, kuma wanda ya sani ya tafi.

Ta riƙa wasa da bakin hijabinta. Mai ya fara ƙara a kasko.

"Umma, ita tamun, ba ta da suna ko kaɗan?"

Na ce babu.

"Har aka haife ni?"

Na ce har aka haife ki.

Sai ta ce, "To ai ni aka fara sa wa. Ita ce ta ci sunana, ba ni na ci nata ba."

Na buɗe baki in gyara mata, na rasa ta inda zan gyara. Na bar shi.

Muka soya fanken. Na ware faranti guda na ce a kai Ma'adi wurin 'yar gidan su Baffa, don farantinta na dankali yana wurina, kuma ba a mayar da kwano haka nan. Sauran na zuba a babbar roba, na ƙulla niyya yadda aka koya mini, kalma da kalma, ban ƙara sunan kowa ba.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yafe masa abin da ya cakuɗa da wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da mu ranar da gari ya rufe. Ka haɗa shi da uban da ya riƙe jaririya a bakin rami. Sauran kuma, waɗanda aka bari a hanyoyi gabas da yamma, Kai Ka san su ɗaya bayan ɗaya, ba sai mun gaya maKa ba.

'Yata ta ɗauki robar ta fara sauka, yaran layi har sun taru a ƙasa suna hayaniya. Sai na ga ta bar takalminta a bakin ƙofa. Na leƙa matakala na kira ta da sunanta, ban ma yi tunani ba.

Daga hawa na biyu muryarta ta taso.

"Na'am, Umma."